Littafin Ajin Farce: Daga Ranar da Muka Yi Ƙunshi

Litinin, 4 ga Nuwamba 2024

Yau muka buɗe aji a zauren gidanmu da ke Sabon Gari, nan Damagaram. Ƴan mata tara ne suka zo: uku daga Birni, biyu daga Garin Malam, sauran ƴan unguwa. Shekara goma sha huɗu ke nan ina kitso da lalle da gyaran farce, amma ban taɓa zaunar da kowa na koya masa a tsare ba sai yanzu. Abin da ya sa na ɗaura niyya shi ne yadda sana'ar ta bazu a gari. Yarinya ta sayi kwalaben jan farce shida da almakashi a Kasuwar Dole, washegari ta fara taɓa hannun mutane. Ta iya shafa fenti, amma ba ta san abin da ke ƙarƙashin fentin ba. Littattafan da ke bayanin farce da na samu duk da Faransanci suke, kuma cikin taran nan huɗu kaɗai suka yi nisa a lakwal. Shi ya sa zan riƙa rubuta abin da muka yi da Hausa. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ta yi alkawarin duba duk abin da ya shafi cuta kafin na faɗa wa yara.

Ba wadda ta taɓa almakashi yau. Jan lalle na kwaɓa, kowacce ta ƙunsa faratan hannunta duka da babban yatsan ƙafa, har bakin fata. Lalle yana kama farce ne kamun da ba ya wankuwa, sai dai farcen ya tsiro ya tura shi gaba. To shi ne ma'auninmu. Na ce kada wadda ta sake sa wa farcenta lalle har mu gama. Autar ajin ta ce, "Malama, bikin yayata fa, sati uku ya rage?" Na ce ta yi a tafin hannu da ƙafa yadda take so, farcen kaɗai za ta bar mini.

Wasu cikinsu akaifa suke cewa, wata ta ce kakarta ƙumba take cewa. Duk ɗaya ne. A nan zan rubuta farce.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Na zana yatsa a allo kamar an tsaga shi biyu, muka shiga raɗa wa sassansa suna. Mun daɗe a nan, kuma ban yi da-na-sani ba, domin sunan da mutum bai gane ba, ba ya riƙe shi.

Abin da muke gani muke gogewa, wato farcen kansa, matacce ne. Da wani sinadari mai suna keratin aka yi shi, irin wanda ke cikin gashi da ƙahon saniya da kofaton jaki. Ba jini a ciki, ba jijiya, shi ya sa yanke shi ba ya zafi. Mai rai yana ɓoye can baya, ƙarƙashin fatar gindin farce. Mun kira shi saiwa. Nan ake ƙera farce dare da rana, sabo yana tura tsoho gaba. Farin nan mai kama da jinjirin wata da ake gani a gindin babban yatsa, ƙarshen saiwar ne ya leƙo. A ɗan ƙaramin yatsa sau da yawa ba a ganinsa, kuma wannan ba cuta ba ce.

Naman da farce yake kwance a kai muka kira shimfiɗa. Jinin da ke cikinta ne yake ba farce launinsa. Na sa kowacce ta danna farcenta ta saki: ya yi fari, sannan jini ya dawo cikin kamar daƙiƙa biyu. Ƙanwata ta ce su ma a gidan likita suna duba wannan, kuma farce mai fari fat na iya nuna ƙarancin jini.

Sai kuma ƴar siririyar fatar nan da ke manne tsakanin gindin farce da fatar yatsa. Wata ta ce a kira ta datti, tunda ita ake yankewa. Na ce a'a, liƙi za mu ce, kamar yadda ake liƙe bakin rumbu. Aikinta ke nan: ta hana ruwa da ƙwayoyin cuta gangarawa wurin saiwa. Akwai wani liƙin na biyu a ƙarƙashin bakin farce, inda mutane ke son zura tsinke suna ƙwaƙule. Farce gida ne mai ƙofa biyu, kuma yawancin ɓarnar da masu sana'armu ke yi, a waɗannan ƙofofin suke yinta.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Yau darasin karkare, kuma na ba su labarin da ban cika son bayarwa ba. A shekarata ta biyu da fara aiki na gyara wa wata amarya hannu. Na ga ɗan-uba, wato ƴar fatar nan da ke tsagewa kusa da farce, a gefen manuninta, na fizge shi maimakon na yanke, sannan na bi liƙin duka na yanke don ya yi kyau a ido. Kwana uku bayan nan yatsan ya kumbura, ya yi ja, yana zuga ta kwana ba barci. Ranar ɗaurin aure da yatsa a naɗe ta zauna, sai da likita ya fasa wurin ya fitar da mugunya. Har yau in muka haɗu da ita muna gaisawa lafiya, amma ni ban manta ba.

Ga ƙa'idar da na sa suka rubuta. Ɗan-uba ana yanke shi da ƙaramin almakashi mai tsabta, ba a fizga, ba a sa haƙori. Liƙi ba a yanke shi. A jiƙa hannu kaɗan, a shafa mai, a tura shi baya a hankali. Idan mace ta zo gefen farcenta ya riga ya kumbura, mu ba mu da aiki a wannan yatsan. Ta riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi, idan ya tara mugunya ko zafin ya fara hawa hannu, gidan likita. Ba allura, ba reza.

Akwai wani nau'insa mai naci, wanda ba ya zuga sosai amma ba ya tafiya: gindin farce ya kumbura wata da watanni, liƙin ya ɓace gaba ɗaya, farcen ya fito gargada-gargada. Masu wanki da wanke-wanke da masu tuwo-tuwo su ya fi kamawa, saboda hannu kullum cikin ruwa da omo. Ɗaya daga cikin ƴan Garin Malam ta ce, "Wallahi Malama haka hannun innata yake." Na ce ta gaya mata ta riƙa tsane hannu sosai, ta sa safar hannu ta roba in da hali, kuma ta je a duba ta.

Laraba, 4 ga Disamba

Kwana talatin cif da ƙunshi. Muka ɗauko ƴar rular ƴan lakwal muka auna farin da ya fito tsakanin fata da jan lalle. A hannu kusan kowa ta samu wajen milimita 3, wasu sun ɗan haura. A babban yatsan ƙafa kuwa da ƙyar ya wuce milimita 1. Haka ma littattafai suka ce: farcen hannu yana yin milimita 3 zuwa 3 da rabi a wata, na ƙafa bai kai rabin haka ba. Amma gani ya kori ji. Da idonsu suka ga yatsan tsakiya ya fi ɗan ƙarami sauri. Ni kuma nawa ya fi na kowa jinkiri, don farce yana rage gudu idan shekaru suka ja.

Muka yi lissafi a allo. Idan farcen hannu ya fita gaba ɗaya, sai ya yi wata huɗu zuwa shida kafin sabo ya cika. Na babban yatsan ƙafa kuwa shekara guda, har shekara da rabi. Wannan lissafin shi ne zai hana su yi wa mutane alkawarin ƙarya. Ba man da za a shafa farce ya gyaru cikin sati. Wanda ya riga ya fito ya fito, gyara sai a saiwa, kuma sai an jira.

Babbar ɗalibata, wadda ta yi Islamiyya sosai, ta kawo hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Sahihu Muslim, cewa an ɗiba musu lokaci kada su bar yanke farce ya wuce dare arba'in. Muka lissafa: kwana arba'in, kamar milimita 4 ke nan na tsiro a kan abin da aka bari. Na ji daɗin yadda ita da kanta ta haɗa karatun biyu.

Talata, 17 ga Disamba

Hunturu ya sauka sosai. Faratan yara uku sun fara tsagewa falle-falle a baki. Farce yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma idan aka yi ta haka cikin busasshiyar iska sai ya rarrabe. Ruwan goge jan farce yana ƙara busar da shi. Man kaɗanya bayan kowane wanke hannu, a rage tsawo, a riƙa goga baki ta fuska ɗaya. Iyakarsa ke nan.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Sati biyu muka yi a kan tsabtar kayan aiki, kuma nan ne na fi tsananta musu. Kowa ya san masu yankan farce da ke yawo a tasha da bakin kasuwa, da almakashi ɗaya da ɗan soso da ruwan kumfa. Neman halalinsu suke, ban raina su ba, kuma wasunsu sun fi mu iya riƙe almakashi. Amma ƙarfen da ya ɗan fasa fatar wani, aka goge da tsumma aka kai hannun na gaba, hanya ce ta ciwon hanta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye, kuma ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Mu ma da ke cikin shago, in muka yi sakaci, daidai muke da su.

Tsarinmu: a wanke ƙarfe da sabulu da buroshi tukuna, domin maganin kashe ƙwayar cuta ba ya ratsa datti. Sannan a tafasa minti ashirin, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. A shanya a kan tsumma mai tsabta, a ajiye a rufe. Reza ɗaya mutum ɗaya. Magogin takarda ba ya tafasuwa, don haka kowace mace da nata, ko ta tafi da shi gida.

Matsalar ita ce ruwa. Duk mutumin Damagaram ya san yadda famfo ke yi mana, kuma jarkar ga-ruwa ba kyauta ba ce. Wata ta tambaya ko za a iya tafasa sau ɗaya da safe a yi aikin yini da shi. Na ce ba a yi. Mafita ita ce kowacce ta mallaki almakashi uku ko huɗu, a tara waɗanda aka yi aiki da su, a tafasa su tare da yamma a ƴar tukunya ɗaya. Mun fara adashi saboda haka. Kuma na shawarce su duka su je a gwada jininsu, wadda ba ta ɗauke da ciwon hantar ta yi rigakafi. Huɗu sun je zuwa yanzu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Wannan ita ce ranar da na fi jin daɗinta tun da muka fara. Maƙwabciyarmu ta shigo da ɗanta ɗan shekara bakwai a goge masa farce, sai autar ajin ta kira ni: "Malama, zo ki ga, duk yatsunsa da layi." Kwari ne a kwance, ya ratsa kowane farce daga gefe zuwa gefe, kuma duk kusan wuri ɗaya, wajen tsakiya. Na ce su auna. Kamar milimita 6 daga fata. Na ce su lissafa, su tuna kuma farce yana ɗan jimawa ƙarƙashin fata kafin ya leƙo. Suka ce wata biyu zuwa uku. Na juya wurin uwar na ce, "Maman yaro, ya yi rashin lafiya mai tsanani wajen ƙarshen Oktoba?" Ta riƙe baki. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da shi bayan damina, har aka ba shi gado.

Idan jiki ya shiga wuya, saiwa tana dakatar da aiki na ƴan kwanaki, sai wurin ya fito da kwari. Wani likita ɗan Faransa mai suna Beau ya yi bayaninsa a 1846, har yau da sunansa ake kiran layin. Ba ya son magani, da kansa zai fita. Kada a goge shi da ƙarfi don a daidaita, farcen zai yi siriri ne kawai.

Daga nan muka bi sauran alamomin da jiki ke aikowa ta farce. Farcen da ya lotsa kamar cokali, har ɗigon ruwa zai iya zama a ciki, sau da yawa ƙarancin sinadarin ƙarfe ne a jini, kuma a garin nan mata masu ciki da masu goyo ba su rasa shi. Kan yatsan da ya kumbura kamar kan taɓarya, farcen ya lanƙwashe ya rufe shi, yana iya zama alamar ciwon huhu ko zuciya da ya daɗe. Waɗannan biyun ba aikinmu ba ne mu faɗi sunan cuta. Namu mu ce, "Hajiya, da kin je an duba jininki," cikin ladabi, ba a gaban mutane ba. Ƴan fararen ɗige-ɗigen nan kuwa da ake ta camfi a kansu, yawanci ɗan bugu ne saiwa ta samu makonni da suka wuce, har mutum ya manta.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Abu biyu a satin nan, dukansu masu nauyi.

Na farko, wata budurwa ta zo a cire mata farcen roba da aka liƙa mata a wani wuri sama da wata guda. Da muka cire, biyu sun yi kore shar a ƙasa. Ruwa ne ya shiga tsakanin robar da farcen ya kwanta, wata ƙwayar cuta mai son laima ta yi gida. Ta roƙe ni na rufe mata da wani sabo saboda kunya. Na ƙi. A yanke gajere, a bar shi a buɗe ya sha iska, koren zai tafi da tsiro, in ya ƙi ko ya fara ciwo a ga likita. Mun kuma yi maganar alwala, domin masu zuwa suna tambaya: jan farce da farcen roba suna hana ruwa taɓa farce, lalle kuwa launi ne kawai ya bari. Mu gaya wa mace gaskiya tun kafin mu shafa.

A nan na haɗa da farcen ƙafa mai kauri, rawaya, mai marmashewa. Dangin ƙwayar da ke kawo makero da cin ruwa ce, kuma tana yaɗuwa ta almakashi da robar jiƙa ƙafa. Fenti ba ya kashe ta. Maganin sha da likita ke rubutawa kan ɗauki kamar wata uku ga ƙafa, kuma ko bayan an gama sai an jira sabon farce ya fito.

Na biyu ya fi tsaya mini a rai. Wata dattijuwa da jikarta ta kawo a yanke mata farcen babban yatsan ƙafa da ya nutse cikin nama. Babbar ɗalibata ce ta karɓe ta. Kafin ta ɗauki komai na ji ta ce, "Kaka, kina da ciwon suga?" Ta ce shekara tara. Yarinyar ta taɓa tafin ƙafar, tsohuwar ba ta ji sosai ba. Sai ta ajiye almakashin ta zo ta same ni. Mai ciwon suga jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, jini ba ya gudu yadda ya kamata, ɗan yankan da ba a ji ba sai ya zama gyambon da zai iya cin ƙafa. Muka ba ta haƙuri, muka tsayar mata da kabu-kabu zuwa babban asibiti. Jikar ba ta ji daɗi ba, ta ce ai ɗan abu ne kaɗan. Na fahimce ta, kuɗin mota da na kati ba wasa ba ne. Amma ban canza magana ba.

Ga masu lafiya kuwa: farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi, ba a bin kusurwa a ƙwaƙule, kuma takalmi mai matse yatsu shi ne rabin matsalar.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Baƙin layi a tsaye, daga gindi zuwa baki. A wurinmu baƙar fata wannan abu ne da aka saba gani, musamman ga manya, kuma yakan fito a yatsu da yawa. Ba na son yara su riƙa tsorata mutane a banza. Amma akwai wanda ba a wasa da shi: layi a yatsa ɗaya tak, sabo, yana ƙara faɗi, ya wuce milimita 3, ko baƙin ya malalo kan fatar gindin farce. Wannan na iya zama ciwon daji na fata. Shi ne ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, kuma a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa ya fara, aka ɗauka ciwon ƙwallo ne. Bambancinsa da taruwar jini bayan bugu: jinin yana tafiya gaba da tsiro kamar lallenmu, ya bar gindi fari. Wancan ba ya matsawa, domin daga saiwa yake fitowa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Kwana 114 da ƙunshi. A hannun yawancinsu jan lallen ya koma ɗan siririn baki a ƙarshen farce, autar ma nata ya fita tun satin jiya a yatsan tsakiya. A ƙafa kuwa bai kai rabin hanya ba. Sun ce za su ci gaba da aunawa har ya fita, na ce kowacce ta rubuta ranar a kayenta ta kawo mini.

Jarrabawar yau ba fenti a ciki. Mata goma sha biyu na gayyato daga unguwa, kowace ɗaliba ta duba hannu da ƙafa, ta faɗi abin da ta gani, sannan ta ce za ta yi aiki ko za ta tura. Bakwai sun yi yadda nake so. Biyu har yanzu hannunsu na rigan idonsu, ɗaya ma ta kai almakashi kan liƙi sai da na riƙe mata hannu. Za su maimaita darasin 7 da na 16 ga Nuwamba tare da ni.

Azumi saura kwana uku ko huɗu, don haka za mu koma zaman safe, daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya. Abin da ya rage: baƙin lallen kanti da ke ƙona fatar wasu, cizon farce ga yara, da yadda ake cire farcen roba ba tare da an ɓare na ainihi ba, wannan kuwa dole mu gama shi kafin cunkoson Sallah. Ƙanwata ta karɓi kayen darussa ta tafi da shi, ta ce akwai gyara a shafin ciwon hanta. Jikar dattijuwar nan ta biyo ɗazu da yamma, ta ce an cire gefen farcen a asibiti, ana wanke wurin duk bayan kwana biyu, kuma an hana kakar yawo ba takalmi ko a tsakar gida.